Kyale-su Ya Ci Alade

Ranar da Ishaya ya yanka aladensa
hayaƙi ya tsallako katanga bai yi sallama ba.
Ni na toshe hanci, na ƙara turare a kasko,
Kyale-su kuwa ya ɗaga nasa sama
kamar mai sauraron kiran da ni ba na ji.

Da la'asar ya dawo, baki sharkaf da maiƙo,
wutsiya na kaɗawa, ko kunya babu.
Kafin isha'i ya zube gindin rumbu,
ciki na ƙugi, amai biyu, na uku kumfa.

Tumba ta ce, "Kai shi bayan dutse ka baro shi.
Da ma kare ne, yanzu ga alade a cikinsa,
da wane ruwa zan wanke tsakar gidan nan?"
Ban tanka ba.
Shekara bakwai yana kwana bakin garke,
ko ɗan akuya ɗaya ɓarawo bai fitar ba.

Bayan asuba na tare Malam Ɗantani a zaure.
Ya yi dariya har carbi ya suɓuce masa:
"Tun yaushe aka ɗora wa kare shari'a?
Haramcin naka ne, Gado, kai da akushinka.
Ciwon ciki kuma ba ya cikin littattafaina,
tafi asibitin dabbobi kafin rana ta yi."

Na sa shi a kwando bayan babur,
muka gangara cikin Zuru, yana nishi, ina kauce wa ramuka.

Likita Saratu ba ta tambayi addinin kowa ba.
Ta danna cikinsa da yatsu, ta duba dasashi.
"Ɗanye ya ci ko dafaffe?"
Ban sani ba.
"Da ƙashi?"
Ban sani ba.
"Albasa fa, tafarnuwa, yaji?"
Na ce, "Likita, ban taɓa leƙa tukunyar ba."

Ta ce, "To, ji.
Ɗanyensa na iya ɗauke da tsutsa, kar ya kusance shi.
Tsoka zalla, ta dahu lugub, ba gishiri, ba kayan miya,
ɗan kaɗan, ba za ta kayar da kare ba.
Kitse shi ke ƙone masa ciki,
albasa da tafarnuwa su ɓata masa jini,
dafaffen ƙashi ya tsage kamar tsinke ya soki hanji.
Kuma wannan ba na alade kaɗai ba ne,
ko ragon layyarka ne, hukuncin ɗaya."

Nan na sunkuyar da kai.
Na tuna takardun balangu da nake jefa masa duk daren kasuwa,
albasar da na tsame don ba na so,
ƙasusuwan zabi na ranar sunan Lami.
Ashe shekara bakwai ina ba shi guba da bisimilla.

Allura biyu, da umarnin a bar cikinsa ya huta.

Da dare Ishaya ya shigo da tocila,
ya tsuguna nesa da tabarmar sallata, hula a hannu.
"Ni na ba shi," ya ce. "Kitse ne da romo.
Tun daren da ya kori ɓarayi daga turkena
nake cire masa kasonsa, ban faɗa maka ba."
Na ce, "Ni ma nawa laifin da albasa a kai."

Muka zauna har wata ya hau kan dutse.
Tumba ta turo shayi, kofi biyu, ba magana.
Can Kyale-su ya miƙe da kyar,
ya lashi ruwa sau huɗu a tsohuwar tasa,
ya kwanta tsakaninmu,
hancinsa na kallon katanga.